JININ DA MAI CIKI KE GANI A WATANNIN ƘARSHE: DARASI GA MAGIDANTA DA IYAYE MATA

 Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi al'amarin da babu gidan da ya kuɓuta daga gare shi, wato lafiyar mai juna biyu. Za mu yi bayani ne a kan jinin da ke zubo wa mace bayan cikinta ya kai wata bakwai, musamman dalilansa waɗanda ba a cika gani ba, da kuma yadda hoton ciki, wanda a nan Yamai aka fi sani da ekografi ko eko, yake tona asirinsu tun kafin su yi ɓarna. Muna roƙon wanda ya karanta ya isar wa iyalinsa, domin galibin waɗanda abin ya shafa ba su ne ke riƙe da wannan takarda ba.

GIRMAN AL'AMARIN

Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijar a 2012 ya nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000 mata 535 ne suke rasa rayukansu ta dalilin ciki ko haihuwa. Tun gabanin haka, tsakanin 1994 da 1996, an bi sawun masu ciki sama da 20,000 a birane bakwai na Afirka ta Yamma, har da Yamai, sai aka tarar cewa kimanin 3 cikin 100 sun yi zubar jini mai tsanani, ko kafin haihuwa ko bayanta, kuma shi ne ya fi kowace matsala yawa. A duniya baki ɗaya ma, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen masu haihuwa zubar jini ne sanadinsa.

Dalilin wannan haɗari a bayyane yake. Idan ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya ya kan haura rabin lita. Saboda haka idan wata jijiya ta buɗe a wurin, mace tana iya zubar da jinin da zai kai ta ga halaka a cikin ɗan lokacin da bai isa a nemo mota ba. Ƙasarmu ta yi abin yabo wajen jinin bayan haihuwa, domin wani shiri da aka shimfiɗa a gidajen likita na ƙasa tun daga 2014 ya rage mutuwar da wannan jini ke jawowa da fiye da rabi, kamar yadda aka bayyana a 2023. Amma jinin da ke zuwa alhali jariri yana ciki, maganinsa na farko shi ne a san dalilinsa tun da wuri.

TAMBAYAR MALAM DA TAMBAYAR LIKITA

Mun lura cewa mata da yawa idan suka ga jini suna da ciki, tambayar farko da suke aikowa ita ce ta hukuncin salla. Wannan kyakkyawan abu ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muke bi, mai ciki tana iya yin haila, har malamai suka ƙayyade kwanakin da za ta zauna, kwanakin kuma suna ƙaruwa idan ciki ya tsufa. Hanafawa da Hambalawa kuwa suna ganin jinin ciwo ne. To amma a lura da kyau, malaman fiƙihu hukuncin ibada suka yi bayani, ba su ce jinin ba shi da illa ga jiki ba. Kuskuren da ke halaka mata shi ne a ce tun da malam ya kira shi haila, sai a zauna a ƙirga kwanaki. A wurin masana lafiya, duk jinin da ya fito wa mai tsohon ciki, komai ƙanƙantarsa, alama ce ta haɗari har sai an duba an tabbatar da saɓanin haka. Don haka muna kira ga limamai da malaman makarantun mata, duk wadda ta kawo wannan tambaya a ba ta amsa biyu a haɗe: ga hukuncin sallarki, kuma ki tafi likita yau, kada ki kwana.

YADDA JARIRI YAKE ZAUNE A CIKI

Kafin mu fahimci cutar sai mun san tsarin halittar. Mahaifa kamar tulu take wanda aka kife, bakinta yana ƙasa, a rufe har ranar naƙuda. Jariri yana kwance cikin jakar ruwa mai siririn tantani, wadda idan ta fashe mata kan ce faya ta fashe. Mabiyiya kuwa, wadda wasu ke kira uwa, tsoka ce mai faɗi kamar faifai da ke manne a bangon mahaifa, galibi can sama, kuma ta nan ne jariri ke samun abinci da iska daga jinin mahaifiyarsa ba tare da jinin biyu sun cuɗanya ba. Igiyar cibiya ita ke haɗa jariri da mabiyiya. A cikinta akwai jijiyoyin jini uku, an lulluɓe su da wani abu mai kauri da santsi da ke kare su daga matsi da tsinkewa, kuma a bisa al'ada tana shiga ne a tsakiyar mabiyiya ko kusa da tsakiya. Duk matsalolin da za mu ambata, kaucewa ce daga wannan tsari.

MENE NE EKOGRAFI?

Ekografi na'ura ce da ke aika sauti cikin jiki, sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji saboda tsananin siririntarsa. Idan sautin ya bugi ƙashi ko tsoka ko ruwa sai ya dawo, kamar yadda amsa-kuwwa ke dawo wa mai kira a gindin dutse, na'urar kuma ta mayar da shi hoto. Ba irin hoton ƙashi ba ne da ake kira radiyo, babu hasken da ke ƙona jiki a cikinsa, shi ya sa ake yi wa mai ciki ba tare da fargaba ba. Wani likita mai suna Ian Donald ne da abokan aikinsa biyu, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, suka fara bayyana amfaninsa ga cikin mata a 1958.

Daga baya aka ƙara masa wata dabara mai suna Dofla, sunan wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi bayanin asalinta a 1842. Da ita ne na'urar ke nuna jini yana gudu a cikin jijiya, ta shafa masa launi ja ko shuɗi gwargwadon inda ya dosa, har ta ƙirga bugunsa. Wannan ƙirga tana da amfani ƙwarai, domin zuciyar jariri tana bugawa sau 110 zuwa 160 a minti, ta uwa kuwa galibi ba ta kai 100 ba, sai likita ya gane ko jijiyar da yake gani ta wane ce a cikinsu. Ana ɗora na'urar a kan ciki, wani lokaci kuma dole a yi amfani da siririyar da ake sakawa ta gaba, domin ita ce ke nuna bakin mahaifa sarai. Wannan awo ba ya tayar da jini idan gwani ne ya yi shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta je awo sau 8, kuma a yi mata eko aƙalla sau ɗaya kafin ciki ya cika mako 24.

DALILAI BIYU DA AKA FI SANI

Na farko shi ne mabiyiya ta zauna a ƙasa ta tare bakin mahaifa, abin da ke samun kimanin mace 1 cikin 200 a ƙarshen ciki. Jininta ja ne wur, yana zuwa ba ciwo, ya tsaya ya kuma dawowa fiye da na farko. Eko yana ganinta ba wuya. Idan an ga ta yi ƙasa a wata na biyar kada a firgita, domin kusan 9 cikin 10 suna yin nesa da bakin yayin da mahaifa ke girma, sai dai lalle a sake dubawa wajen mako na 32. Idan ta ci gaba da rufe hanya, haihuwa sai ta tiyata, wato sezariyan.

Na biyu shi ne ɓamɓarewar mabiyiya daga bango kafin jariri ya fito, abin da ya kan samu kimanin 1 cikin 100, kuma hawan jini ne babban abokin tafiyarsa. Ciki ya kan yi tauri kamar katako, da ciwo mai tsanani, jinin kuma baƙi-baƙi ne, wani lokaci ma ya taru a ciki ba ya fitowa. A nan eko yana da rauni, domin fiye da rabin irin wannan ba ya nuna su. Idan alamun sun bayyana, likita ba ya jiran hoto.

JIJIYOYIN JARIRI A BAKIN ƘOFA

Yanzu sai mu shiga waɗanda ba a cika gani ba. Mafi ban tausayi a cikinsu ita ce wadda likitoci ke kira baza firebiya, ma'ana jijiyoyin da suka tare hanya. Tana samun kimanin ciki 1 cikin 2,500. Tana faruwa ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai igiyar cibiya ta kasa kaiwa ga mabiyiya, ta shiga cikin tantanin jakar ruwa, jijiyoyinta su warwatsu tsirara ba abin da ke kare su kafin su isa mabiyiya. Ko kuma mabiyiya ta rabu gida biyu, babba da ƙarama, jijiyoyi su ƙetare daga wannan zuwa waccan ta cikin tantani. Idan waɗannan jijiyoyi suka ratsa ta kan bakin mahaifa, ko suka kusance shi da abin da bai kai santimita 2 ba, to sun zauna a daidai inda faya za ta fashe.

Mace ba ta jin komai duk tsawon cikin. Ranar da faya ta fashe sai jijiyar ta yage tare da tantanin, jini ya biyo ruwa. Wannan jini na jariri ne, uwa kuwa lafiyarta lau, shi ya sa waɗanda ke kanta suke cewa ai ɗan kaɗan ne. Alhali jaririn da ya kai kilo 3 duk jinin jikinsa bai wuce mililita 300 ba, bai ma cika ledar ruwan sha ta rabin lita ba, kuma zubar da abin da bai wuce ƙananan kofunan shayi biyu ba ya isa ya kashe shi cikin mintoci. Littattafan likitanci na Faransanci suna kiran wannan zubar jini da sunan Benckiser, likitan da ya yi bayaninta a 1831, amma sai a 1987 aka fara gano cutar da eko tun jariri yana ciki.

Bambancin sani da rashin sani a nan shi ne bambancin rai da mutuwa, da izinin Allah. A 2004 likita Yinka Oyelese da abokan aikinsa sun tattara labarin ciki 155 masu wannan matsala. Inda aka gano ta kafin haihuwa, jarirai 97 cikin 100 sun rayu. Inda ba a gano ba, 44 ne kawai cikin 100 suka rayu. Mai eko yana gano ta ne idan ya nemi wurin da cibiya ta shiga mabiyiya, sannan ya kunna Dofla a kan bakin mahaifa, ya ga jijiya ta gitta tana bugawa da bugun jariri, kuma ba ta gusawa ko da uwa ta juya. Waɗanda ya kamata a fi bincika su ne mai tagwaye, da wadda aka ga mabiyiyarta a ƙasa a tsakiyar ciki ko da ta hau daga baya, da mai mabiyiya biyu, da wadda aka yi wa dashen ciki a asibiti. Idan an tabbatar, a kan kwantar da mace a asibiti tun ciki bai kai wata tara ba, a yi mata allurar da ke ƙarfafa huhun jariri, a fitar da shi ta tiyata wajen mako na 34 zuwa 36, kafin naƙuda ta taso.

MABIYIYAR DA TA KAFE A BANGO

Ta biyu ita ce mabiyiya mai kafewa, wadda ake kira akireta. A bisa al'ada akwai wani siririn shimfiɗi tsakanin mabiyiya da tsokar mahaifa, shi ke sa ta saɓule da kanta bayan haihuwa. Inda aka taɓa yanka mahaifa ko aka kankare ta, wannan shimfiɗi ya kan lalace, sai mabiyiya ta kama tsoka kai tsaye. Mataki uku gare ta: ta manne wa tsoka, ko ta nutse cikinta, ko ta huda ta gaba ɗaya har ta kai ga mafitsara, wanda a nan mace tana iya ganin jini a fitsarinta.

Haɗarin yana hawa ne da yawan tiyata. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa idan mabiyiya ta tare bakin mahaifa, yiwuwar ta kafe 3 ne cikin 100 ga wadda ba a taɓa yi wa sezariyan ba, 11 ga wadda aka yi wa sau ɗaya, 40 ga mai sau biyu, 61 ga mai sau uku. Wannan ya shafe mu ƙwarai. A 2005 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar yin sezariyan kyauta, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki, abin da ya ceci rayuka masu yawa. To amma ƙasa ce da binciken 2021 ya nuna mace tana haihuwar ƴaƴa 6 da ɗoriya a rayuwarta, saboda haka wadda aka yi wa aiki tana ƙuruciya, akwai ciki da yawa a gabanta a kan wannan tabo.

A hoton eko, gwani ya kan ga ramuka a cikin mabiyiya kamar tufar da asu ya ci, ya ga baƙin layin da ke raba ta da bango ya ɓace, tsokar mahaifa ta sirance, jijiyoyi kuma sun yi cunkus a tsakaninta da mafitsara. Amfanin sani shi ne shiri. Idan ba a sani ba aka ja irin wannan mabiyiya da hannu, mace tana iya zubar da lita 2 ko 3 ko fiye. Idan an sani kuwa, sai a sa ranar aiki kafin naƙuda, a tanadi jini, a tara ƙwararru, kuma sau da yawa a cire mahaifar tare da mabiyiyar a cikinta. Wannan hukunci ne mai nauyi ga mace da mijinta, gara su ji shi da sauran makonni su yi shawara su natsu, da a nemi sa hannun miji a ƙofar ɗakin tiyata rai yana hannun Allah. Irin wannan aiki na manyan asibitoci ne, kamar asibitin haihuwa na Issaka Gazobi da ke nan Yamai, inda ake turo masu wahalar haihuwa daga unguwannin birni da garuruwan kewaye.

FASHEWAR MAHAIFA

Ta uku ita ce yagewar mahaifa kanta. Ta fi samun mai tsohon tabon tiyata, da wadda ta yi haihuwa da yawa, da wadda naƙudarta ta daɗe jariri ya gitta ko kansa ya fi ƙugu. Abin da ke ƙara jawo ta shi ne jiƙe-jiƙen gaggauta naƙuda, da allurar naƙuda da ake saye a yi a gida, da danna ciki da hannu. Alamarta ciwo ne kamar an tsaga ciki, sai naƙuda ta tsaya cik, mace ta yi sanyi tana gumi, jinin da ya fito kaɗan ne domin mafi yawansa ya zuba a ciki. Eko yana iya auna kaurin tabon a ƙarshen ciki, ya taimaki likita wajen zaɓen hanyar haihuwa, amma ba ya ba da tabbacin cewa tabon zai jure. Idan ta riga ta yage, hoton ya kan nuna jini kwance a ciki, wani lokaci jariri ma a wajen mahaifa. Ka'idar ita ce, duk wadda aka taɓa yi wa sezariyan ba ta sake haihuwa a gida, kuma ana so a samu tazarar shekara biyu kafin haihuwa ta gaba.

SAURAN DALILAI A TAƘAICE

Akwai mabiyiya mai naɗaɗɗen baki, wadda gefenta ya lanƙwashe ya yi kauri. Ta kan jawo ɗigon jini a kai a kai da haihuwa kafin lokaci, eko kuma ya kan nuna gefen ya tashi kamar kanta. Ba ta da magani sai yawaita awo. Akwai kumburin jijiyoyin bakin mahaifa, waɗanda na uwa ne, Dofla ce ke bambanta su da na jariri. Akwai kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa tsakanin hanji har ya girma, wanda eko ke ganewa idan ya nuna mahaifa wayam a gefe, jariri a wani wuri dabam.

Sannan akwai tsiro a bakin mahaifa, da ciwon daji na bakin mahaifa, wanda a ƙasar nan shi ne ke bin na nono wajen yawan kama mata. Alamarsa jini bayan saduwa da ruwa mai wari. Wannan da ido ake ganinsa, da ƙarfen dubawa, amma sai bayan eko ya tabbatar cewa mabiyiya ba ta tare hanya ba. Duk da wannan ƙoƙari, akwai mata da dama da za a bincika ba a ga dalilin jinin ba, su ma a kan ci gaba da sa musu ido har su sauka.

TAMBAYOYI HUƊU A ƊAKIN EKO

Abin takaici ne a biya kuɗin eko, a fito ba a tambayi komai ba sai namiji ne ko mace. Na'ura ba ta nuna abin da ba a nema ba, kuma ba kowace na'ura ce ke da Dofla ba. Saboda haka mace ko mai rakiyarta su yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi:

1. A ina mabiyiya ta zauna, kuma mene ne nisanta da bakin mahaifa?
2. Guda ɗaya ce ko ta rabu biyu?
3. An ga inda igiyar cibiya ta shiga?
4. Akwai bukatar a sake dubawa, kuma a wane mako?

Kuma wajibi ne mace ta faɗa da bakinta idan an taɓa yi mata sezariyan ko wankin ciki ko wani aiki a mahaifa, ko da ba a tambaye ta ba. A adana takardar eko a cikin karnen awo, a tafi da su duk inda za a je.

ABIN DA YA HAU KAN MAIGIDA

Masana sun ce jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannunmu suke. Ga abin da muke ba da shawara.

Na ɗaya, ya kai ɗan'uwa, ka ba iyalinka izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da maƙwabta, cewa duk sa'ar da ta ga jini ta tafi likita ko kana nan ko ba ka nan. Mata nawa ne suka zauna cikin jini suna jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya?

Na biyu, idan jini ya zo kada ungozoma ko wani ya sa hannu don ya duba, domin yatsa ɗaya yana iya huda mabiyiyar da ta tare hanya. Kada a ba ta jiƙo, kada a tsaya neman rubutu kafin a tashi, addu'a ana yin ta a cikin mota. A kwantar da ita a gefen hagu, a tafi da zannuwan da suka jiƙe don likita ya ƙiyasta abin da ya zuba. Ko jinin ya tsaya a tafi, domin na farko gargaɗi ne.

Na uku, al'adar goyon ciki tana da kyau, amma wadda eko ya nuna mata ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli kada a kai ta ƙauyen da ke nesa da ɗakin tiyata, balle da damina. Gara uwa ta zo birni ta zauna da ƴarta. Haka nan ƴan'uwanmu na wajen Say da Kollo da Filinge da Walam, su nemi masauki kusa da asibiti kafin wata ya kama. Kuma idan likita ya hana kusantar iyali har a haihu, a kiyaye.

Na huɗu, a san rukunin jinin mace tun farkon ciki. Idan mai rezus nagatif ce, akwai allurar da ake so a yi mata cikin sa'o'i 72 bayan zubar jini. A tanadi ƴan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini, a kuma tabbatar tana shan ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin sauro da ake bayarwa a wurin awo, domin mai ƙarancin jini ba ta jure zubar da kaɗan. Muna kuma kira ga matasan masallatai su riƙa zuwa cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Yamai suna bayarwa don Allah, tun ba a kira su ba.

Na biyar, kunya ado ce, amma ba a rufe ciwo da ita. Mai cikin fari ta kan ɓoye jini saboda nauyin surukai, sai iyaye mata su riƙa tambayarta a keɓe. Inda aka samu likita mace ita ce a gaba, inda ba a samu ba kuwa malamai sun yi bayanin cewa lalura tana halatta namiji ya duba gwargwadon bukata.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, ajali yana hannun Allah, babu mai ja da wannan. Amma Shi ne Ya sanar da ɗan Adam abin da zai ga jijiyar da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba a cikin duhun mahaifa, kuma barin sababi alhali yana kusa sakaci ne da za a tambaye mu a kansa. Wanda matarsa ke da ciki, ya duba karnenta a daren yau, ya ga ko an rubuta inda mabiyiya take. Idan ba a rubuta ba, ya kai ta a duba a cikin makon nan. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa bisa tafarki madaidaici, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka riga mu gidan gaskiya a kan gwiwa, Ya saka wa ma'aikatan lafiya da alheri. Amin.